Taron Bitar Mutum Biyu

Yara ne suka laƙaba mata Malama Usur, saboda usur ɗin da ba ya barin wuyanta, sunan kuma ya bi ta har ofishin hedimasta. Ita kaɗai ce malamar motsa jiki a firamaren, tun daga aji ɗaya har aji shida. Ɗakin kayanta wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, inda ake jibge tsintsiya da karyayyun bencina. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: ƙwallo ɗaya mai iska, wasu da suka sace tuntuni, igiyar tsalle mai ƙulli-ƙulli, da katifar alkafura da ɓeraye suka mayar gida.

A ɗakin malamai ba wanda ke ƙin ta. Ana gaisawa, ana tambayar ta jikin Baba, mahaifinta. Amma da hira ta koma kan aiki sai malaman lissafi su haɗa kai, na kimiyya su haɗa kai, ita kuma ta zauna bakin taga tana kaɗe ƙasa daga takalminta. Idan jarrabawa ta matso, malamin lissafi kan leƙo ya ce, "Malama, ara mini darasinki na yau mana, ai wasa ba ya guduwa." Sai ta ce to.

A gida daga ita sai mahaifinta, tsohon direban babbar mota da kunnensa ya yi nauyi. Takan ba shi labarin makaranta tana zuba masa abinci, shi kuma komai ta faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara." Har ranar da ta ce masa wani yaro ya gurɗe a ƙafa, abin da ya ce ke nan.

Wata rana hedimasta ya tare ta a baranda. "Akwai taron bita na malaman motsa jiki a babban gari ranar Asabar," ya ce. "An ce za a koyar da sababbin dabaru, har kaya za a raba. Ki je ki wakilce mu."

Kayan ba su ɗaɗa ta da ƙasa ba kamar jin cewa akwai wasu irinta, har da yawan da za su cika zaure. Ta wanke kambas ɗinta, ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa Baba, ta shiga motar safe.

Da ta isa, ƙofar zauren a buɗe take amma kujeru na jere kan juna a jikin bango. Mai gadi ya dube ta da tausayi. "Ai an ɗage, Malama. An sanar a waya. Ba a saka ki a cikin masu samun saƙon ba?" Ita ba ta ma san ana aika wani saƙo ba.

Har ta juya, sai ta ji murya daga ciki. "Ke ma an manta da ke?"

Wata dattijuwa ce zaune a bakin dandamali, ta cire takalmi tana murza gwiwa. Ta ce ita ma malamar motsa jiki ce a wata firamare can bayan gari, saura kaɗan ta yi ritaya. "Shigo, 'yata, mu yi taronmu. Ni ce babbar baƙuwa, ke ce sauran jama'a."

Malama Usur ta zauna kusa da ita a ɗarare. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. "Mama, yaya kike yi da aji guda da ƙwallo ɗaya? Rabin lokacin a layi suke ƙarewa, suna tsunkulin juna."

Dattijuwar ta miƙe da ƙyar, ta sa ta sauko da kujeru suka rarraba su kusurwa-kusurwa. "Waɗannan ne yaranki. Na nan su riƙe ƙwallon. Na can su yi igiya. Waɗancan ki ja musu layi da toka su riƙa tsallakewa, na ƙarshe su yi tsere da gorunan roba cike da yashi. Kina busa usur, kowa ya canja wuri. Ba ƙwallon ne ya dame su ba, tsayuwar ce ba sa so."

Sai Malama Usur ta ba ta labarin wata yarinya 'yar aji huɗu mai ɗingishi, wadda kullum ke zama gindin bishiya tana gadin takalman sauran.

"To ki zaunar da kowa a ƙasa mana. A yi jifa da cafewa a zaune, mu ga wanda zai fi ta." Ta naɗe gyalenta ya zama dunƙule, ta zauna daɓas a kan siminti. "Zauna. Cafe!"

Haka suka yi ta jifan juna da gyale a tsakiyar zauren da babu kowa, mai gadi ya leƙo ya koma yana girgiza kai. Malama Usur ta yi dariya har hawaye, daga baya ta gane dariyar ta ƙare amma hawayen bai tsaya ba. Dattijuwar ta matso kusa da ita. Ta warware gyalen ta miƙa mata.

A tasha suka karɓi lambar juna, kowacce ta shiga motarta.

Ranar da ta gwada wasan zaune, yarinyar nan ce ta cinye ajin kaf, har 'yan maza suna rigimar a ba su ita a ɓangarensu. Malama Usur ta shiga ɗakin malamai da gudu-gudu ta ba su labari. Aka ɗago aka ce, "Kai, abu ya yi kyau," aka koma kan makin jarrabawa. Ta fita ta tsuguna a lungun matakala ta kira Mama, suka yi ta ihu a waya kamar yara.

Kusan kowane ƙarshen mako sai sun yi magana. Bayan ritaya gwiwar ta matsa wa dattijuwar, ɗanta ya ɗauke ta zuwa wani gari mai nisa, kiran ya ragu. Wata Asabar ɗan ne ya ɗauka. "Anti, ai Mama ta rasu. Ba mu da lambobin mutanenta duka, ki yi haƙuri."

Ta yi masa ta'aziyya ta ajiye wayar. A makaranta ba wanda ya san matar, don haka ba wanda ya yi mata gaisuwa. Ta yi darasinta ranar Litinin kamar kullum. Taron bitar kuwa ba ta sake jin labarinsa ba.

Zangon karatu ya kusa ƙarewa wata baƙuwar lamba ta kira ta. Muryar wata matashiya ce.

"Yaya, ki yi haƙuri, ba ki san ni ba. Ni aka ba aikin Mama da ta yi ritaya. Ta ce in abu ya shige mini duhu in neme ki, na daɗe ina jin nauyi. An ba ni azuzuwa duka, kuma ko igiya babu."

Malama Usur ta jawo karyayyen benci ta zauna. "Kina da toka a gida, ƙanwata?"

"Toka kuma?"

"Toka. Saurara ki ji."

Sun sa rana matashiyar ta zo ta ga yadda ake yi, amma hanya da nisa, kuma tana da jinjiri. An ɗaga, an sake ɗagawa. Suna waya yawancin Asabar, wani lokaci jinjirin ya katse su da kuka. Har yanzu ba wadda ta san fuskar 'yar'uwarta.