Tukunyar Uwani ta yi shiru

"Ka taɓa bawul ɗin nan, mijin Lantana, ni da kai sai a lahira," in ji Uwani, tana tsaye tsakaninsa da tukunyar.

Ɗanladi maƙeri bai ɗago kai ba, surukarsa ce. Ya dai ce jiya tururin ya ƙone wa Lantana hannu, yau kuwa sai ya gyara, ko da za a kira duk unguwar Barroquinha a yi shari'a.

To, ku ji abin da bai sani ba. Gidan wankin Uwani na da wata ƙatuwar tukunyar ruwan zafi, da aka ciro daga mataccen jirgin ruwa. A kanta akwai bawul mai sakin tururi in ya yi yawa. Ya daɗe da lalacewa, yini yake yana tsaki kamar maciji. Uwani kuwa tana son tsakin nan. Duk Juma'a tsofaffin Hausawan da suka rage a wannan gari na ƙetaren teku sukan shigo ta baya, kowa da ƙunshin wanki na ƙarya, su yi salla a ɗakin guga. Tun tawayen da bayi Musulmi suka yi a shekarun baya, 'yan sintiri ba sa jin karatun Musulmi su wuce. Tsakin ne ke rufe muryoyin. Ɗanladi kuma, Allah ya ba shi hannu ya hana shi riƙon baki. Abin da ya ji da hantsi, kafin la'asar masu dako a bakin teku sun ji. Yau kuma Juma'a, tsofaffin na ciki.

Uwani ta ce tukunyar tata ce. Ta ce numfashi take yi, wa ke toshe wa tsohuwa hanci? Duk a banza. Ya janye wutar, ya jira ƙarfen ya huce, ya sauke nauyin da ke rataye a hannun bawul ɗin. Bakin duk tsatsa da farin dattin ruwa. Ya kankare, ya shafa toka da man ja, ya yi ta murza murfin a mazauninsa har suka haɗu ƙam. Ya mayar, ya hura wuta.

Shiru. Aiki ya yi kyau, wannan ba ƙarya.

Sai ga muryar limamin tsofaffin, Malam Zubairu, daga ɗakin guga, tangaran, yana jan Fatiha, har ana ji a titi. Ɗanladi ya saki baki.

Uwani ba ta ko girgiza ba. Ta miƙa masa gudumarsa, ta turo wani tsohon farantin ƙarfe da ƙafa.

"Ka kashe mini mai gadi, kai ne sabon. Duk Juma'a kana nan kana dukan wannan. Kuma in na ji maganar a bakin teku, na san bakin da ya kai ta."

Ya ce shi maƙeri ne, ba makaɗi ba. Ta ce ta sani, makaɗi ai da ya fi shi amfani. Ya daki farantin har hannunsa ya gaji, yana huci ya fi tukunyar, sannan ya yar da gudumar ya nufi waje.

"Ba su sallame ba tukuna," in ji ta. "In za ka fita, fita da ƙarfi."

Ya buga ƙofar har kwanukan wanki suka amsa.