Titin Garin Fulawa

Ajin ƙananan yara yana da Malama ɗaya, da Iya mai shara, da yara tara waɗanda babbansu bai cika shekara huɗu ba. Tabarma suna da ita, amma kayan wasansu duk sun kakkarye. Akwai kuma wata yarinya da ta rasa abin da ya fi kayan wasa, wato kwanciyar hankali. Uwarta ma'aikaciyar asibiti ce. Kullum da safe in ta ajiye ta ta juya, sai yarinyar ta manne wa taga, ba ci ba wasa, har a tashi. Iya ta laƙaba mata 'Yar Taga. Sati uku ana haka, har uwar ta fara cewa ko dai ta ajiye aikin ne.

Ran nan Malama ta kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan mai, ta ajiye babban faranti a tsakiyar tabarma.

"Malama, abin ci za ki ba su su ɓata?" in ji Iya.

"Gari za mu gina, Iya."

"To, yau na ga gari ya zama gari. A bar mini fili kusa da kasuwa."

Yara suka hau mulmule-mulmule. Wani ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Malama ba ta kira 'Yar Taga ba, curi ɗaya kawai ta ajiye mata a bakin tagar. Can sai ga yarinyar ta matso da curinta. Ta murza curin ya yi tsawo, ta shimfiɗa shi daga tsakiyar faranti har baki.

"Mene ne wannan, 'yata?" in ji Malama.

"Titi."

Ta mulmula wani ɗan dunƙule, ta ce Mama ce. Ta taka da ita a kan titin har ƙarshe, ta sake ta ta faɗa tabarma.

"Ta tafi," ta ce.

Sai a lokacin Malama ta fahimta. Daga tagar, titi yana ƙarewa ne a kwanar shagon tela, kuma a nan yarinyar take ganin uwarta ta ɓace kullum.

Malama ta ɗauki Mama ta kakkaɓe ta. Ta dasa murfin kwalba a ƙarshen titin.

"Ga asibiti. Mama ta ba marasa lafiya magani, ta wanke hannu. Yanzu ina za ta bi?"

Yarinyar ta miƙa hannu ta karɓi Mama. Sannan ta juya ɗan dunƙulen, ta tako da shi a hankali ta kan titin nan dai, har tsakiyar faranti. Ta sake kai shi, ta sake dawo da shi. Sau bakwai Malama ta ƙirga.

"Wannan Mama ta sha zirga-zirga," in ji Iya. "A saya mata mota."

Da aka kawo abinci, 'Yar Taga ta ci, Mama tana zaune a gefen kwanonta. A ranar ta gane cewa titin da yake tafiya da Mama, shi ne yake dawo da ita.