Gishirin Muhsinat

Alhaji Garuba na goge jikin ragon layyarsa da tsumma sa'ad da ya ji 'yarsa Muhsinat ta kira sunan Allah a ɗakin zaure, a hankali, irin kiran wanda ya tarar da ɓarna. Hannunsa ya tsaya a gadon bayan ragon. Ya san abin da ta gani.

A zauren nan take da akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, inda take kiwon murjani. Shi dai murjanin da ya sani na wuyan mata ne, amma ita ta ce wannan mai rai ne, a teku yake tsirowa. Shekara biyu tana rainonsa, tun yana ɗan guntu kamar yatsa har ya yi rassa, kore da ruwan hoda. Ran Litinin mutanen wani otal na unguwar Baguida, a bakin teku, za su zo su gani. In ya burge su, su ba ta aikin kula da babban akwatinsu.

Ya shiga. Ruwan ya yi hazo, rassan kuwa sun yi fari kamar ƙashin da ya kwana a rana.

"Baba, duba," ta ce. "Jiya na sauya ruwa kamar kullum."

"Ikon Allah," in ji shi.

Kwana biyar ke nan da kanwar dabbobinsa ta ƙare. Ya buɗe bokitin da take ajiye gishirin haɗa ruwan akwatin, ya gan shi fari tas, mai laushi. Ya ɗebi kwano uku. Ɗaya ya zuba wa ragon, biyu ya kai kara, kasuwar dabbobi, ya raba wa abokan sana'a, yana cewa gishirin Turai ne, su gwada. Da zai dawo ya sayi na kasuwa, ya sa aka daka, ya cika bokitin ya rufe. A ganinsa gishiri gishiri ne. Shekara arba'in yana ba shanu, wa zai koya masa?

Muhsinat ta ɗebi ruwan akwatin a 'yar kwalba, ta ɗiga maganin gwaji, ta ɗaga ta wajen haske.

"Tagulla ce. Ruwan famfonmu yana ɗauko ta daga bututu. Amma gishirin nan akwai wani sinadari a ciki da ke kama ƙarfe ya riƙe, kamar yadda kake riƙe ƙahon bijimi, kada ya taɓa murjanin. Ban san me ya sa bai riƙe ba."

"Ko masu sayarwa ne suka yi algus?"

Da ya faɗa, sai ya ji kunyar kansa. Yau shi ne ke neman jingina wa wani laifinsa.

"A'a, Baba. Matar da nake saye wurinta a unguwar Bè ba ta taɓa cutata ba. Ni ce. Wataƙila na ɓata awo." Ta zauna a kan tabarma, ta rufe littafin da take rubuta awonta. "Zan kira mutanen otal in ce su bari. Dama ka ce wasan yara ne. Gobe sai in bi Inna rumfa."

Ya faɗa, ba sau ɗaya ba, har a gaban baƙi. Ga hanya ta buɗe masa: in ya yi shiru, magana ta mutu. Bai taɓa ba ɗan da ya haifa haƙuri ba, ubansa ma bai taɓa ba shi ba. Ya fita ya yi alwalar azahar, ya wanke hannu sau uku, ya sake wankewa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ladan na kira, ya fasa tafiya masallaci.

Ya koma turke, ya kankare sauran gishirin da ke cikin kwamin ragon, ya zuba a ƙwarya har da ƙaiƙayi, ya kawo ya ajiye gabanta.

"Naki ne wannan. Na cikin bokitin na kasuwa ne. Awonki daidai yake."

Ta dubi ƙwaryar, ta dube shi. Ya ga idonta ya cika, ya so ta yi masa faɗa. Ba ta yi ba.

"Ragon ya lasa?"

"Ya lasa. Kwana biyu yana zawo."

Ta tashi ta leƙa akwatin, ta daɗe. Can ƙasa, bayan dutse, akwai reshe ɗaya da bai gama fari ba.

"Wannan zai iya rayuwa, in an sauya ruwa kafin la'asar. Sai an je Bè an sayo sabon buhu, ni kuma ba zan bar nan ba."

Alhaji Garuba, wanda bai taɓa zuwa aiken kowa ba tun rasuwar ubansa, ya gyara hularsa.

"Rubuta mini sunan gishirin a takarda," ya ce. "Da manyan baƙi, don mai babur ya karanta."