Tumbin da ke bayan gidan Tela

Tun da matarsa ta tafi birni jinya, Tela ya koma hira da rami.

Ramin yana bayan gida, kusa da turken shanunsu biyu. An gina shi da siminti, an kifa masa ƙatuwar ganga ta ƙarfe. Kullum da safe akan dama kashin shanu da ruwa a ɗura ta wani baki da ke gefe. A ciki, inda iska ba ta shiga, sai ya ruɓe ya haifi gas. Gas ɗin ya taru ya ɗaga gangar sama, nauyin gangar kuma ya tura shi ta siririn bututu har cikin kicin. Matarsa ce ta raɗa masa suna Tumbi. Ta ce ba shi da maraba da cikin saniya: a ba shi ya ci, ya yi gyatsa, su kuma su dafa shayi da gyatsar.

Ita ke kula da shi tun da aka gina. Shi Tela nasa kawai ya ga harshen wuta shuɗi a murhu. To yanzu ciwon ƙirji ya kai ta asibiti, daga can ta wuce gidan autarsu, kuma likita ya ce huhunta ba zai ƙara ɗaukar hayaƙin itace ba. Auta ba ta ɓoye masa komai ba a waya.

"Baba, in wutar gas ɗin nan tana ci, ƙarshen wata zan kawo ta da kaina. In kuwa itace za ta koma hurawa, to ta zauna wurina ke nan. Kada ka ce na yi maka rashin kunya."

"Tana ci," in ji shi. A lokacin kuwa gaskiya ya faɗa.

Gidan ya yi masa faɗi. Kekensa na ɗinki yana lulluɓe a lungu tun da idonsa ya daina ganin kafar allura. Tabarmarta tana naɗe a jikin bango, takalminta ɗaya a kife a bakin ƙofa, bai gyara shi ba. Da hantsi yakan ja kujera ya zauna gefen Tumbi, ya ɗora tafin hannu a kan gangar da rana ta gasa. Wani lokaci yakan ji 'yar ƙara can ƙasa, ɓul, ɓul, kamar mutum na gunaguni cikin barci. Sai ya ce, "Kai ma ka ce wani abu ke nan," ya ba shi labarin yadda baƙar saniyar ta ƙi cin dusa.

Tela mutum ne da ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ba ya yarwa. Ranar da ya fara wanki da kansa, ya tsaya yana kallon baho cike da ruwan kumfa, ga rijiya da nisa, ga gwiwa tana ciwo. Ya ga ai zubar da wannan ruwa asara ce. Ya dama kashin shanun da shi, ya ɗura wa Tumbi. Har ya ji daɗi da warin ya ragu. Daga nan duk ruwan wanki, da na wanke-wanke, da wanda ya goge ɗaki da maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, can suke tafiya. A ransa cewa yake in ta dawo za ta tarar da bayan gida fes.

Gangar ta fara sauka a hankali, yadda mutum ba zai lura ba sai ya tuna inda take a da. Wutar ta rage tsawo, tana tsalle tana ɗaukewa. Ya zaci yunwa ce, ya ninka abincin. Sai wani wari mai tsami ya fara tasowa daga bakin ramin. Wata safiya ya murɗa murhu ya ƙyasta ashana, tsinken ya ƙone har ya lashe masa yatsa, babu abin da ya kama. Ya fita ya kara kunne a jikin gangar. Shiru.

Ya jera duwatsu uku a tsakar gida, ya nemo itace.

Da yamma matarsa ta kira, kamar kullum. Muryarta ta yi ƙasa-ƙasa, tana hutawa tsakanin magana.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Tumbi fa?"

"Yana nan lafiya."

Sai hayaƙi ya shaƙe shi, ya kau da kai ya yi tari. 

"Maigida, itace kake hurawa," in ji ta. "Na san tarin nan. Da shi na tsufa. Tsaya in ja ƙofa, yarinyar nan tana falo." Ya ji motsin ƙofa. "Me ka ba shi?"

Ya gaya mata. Ta fara dariya, dariyar ta zama tari, sai da ta sha ruwa.

"Wato wanka ka yi masa. Ai masu rai ne a ciki, ƙanana da ido ba ya gani. Su ke cin kashin su ba da gas. Ka shayar da su sabulu. Kai in an dama maka koko da ruwan wanki za ka tashi?"

"To yanzu ya mutu ke nan?"

"Ka daina ba shi komai. Ka kwashe na ciki gwargwadon ƙarfinka. Sannan ka je gidan Direba ka roƙo daga nasa Tumbin, wanda ke fitowa ta baya, mai rai. Shi ne iri." Ta numfasa. "Ba zan gaya mata ba. Amma in ta tambaye ni ido da ido, ba zan yi mata ƙarya ba."

Gidan Direba yana ƙarshen layi. Su biyun sun daɗe suna maƙwabtaka, amma matansu ne ke shiga gidajen juna. Su iyakarsu ɗaga hannu daga nesa. Da matar Direba ta rasu, ɗaga hannun ma ya ragu. Tela ya ɗauki bokiti biyu, ya je har ƙofar, ya wuce kamar wani wuri zai je, ya sake dawowa, sannan ya yi sallama.

Direba ya leƙo, tsoho mai ƙaton ciki da rigar shan iska. Ya kalli bokitan da kashin shanu ya bushe a jikinsu, ya kalli Tela.

"Mutane na zuwa aron gishiri, kai kashi ka zo aro?"

"Mai rai nake so."

"Sabulu?"

Tela ya sunkuyar da kai.

"Shigo. Ni da tawa ta tafi, ruwan batirin mota na zuba. Na ce zai ƙara masa ƙarfi." Ya yi gaba yana jan ƙafa. "Ka ga mu da aka bari, duk mun zama yara."

Direba bai bar shi ya ɗauka shi kaɗai ba. Ya fito da baro, suka yi ta jigila, ɗaya na turawa ɗaya na riƙe bokiti kada ya tuntsure. A hanya Direba ya tuna masa wani wando da ya taɓa ɗinka masa, ya ce har yau ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Tela ya ce ƙafafun ne ba daidai ba, taka birki ya cinye guda. Da suka gama, Direba ya wanke hannu ya ce, "Yanzu sai haƙuri. Ka lulluɓe shi da buhu ya ji ɗumi, masu ran nan na ciki ba sa son sanyi. Kada ka cusa masa abinci, mara lafiya ne. Gas ɗin farko ba zai kama ba, ka buɗe ka sake shi ya tafi." Ya ɗan tsaya kamar zai zauna, sai ya ce shanunsa na jira, ya tafi.

Jiran ya fi aikin wuya. Tela ya ɗauko alli na tela ya ja layi a jikin gangar daidai bakin siminti. Kullum da safe ya zo ya tsuguna, ya matso da ido kusa. Layin yana inda yake. Yakan dama ɗan kaɗan da ruwan rijiya zalla, ya ɗura a hankali kamar mai ba jariri. Auta ta kira ta ce ta nemi hutu a wurin aiki, ya ce Allah ya kawo su lafiya, ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon takalmin nan da ke kife.

Sai wata safiya ya ga layin ya rabu da simintin da faɗin yatsa. Ya buɗe murhu, iska ta fito tana huci, ta kashe ashanar. Ya bar ta ta fice kamar yadda Direba ya ce, ko da yake ji ya yi kamar jininsa yake zubarwa. Washegari ma haka. Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare, ya ƙyasta, wuta ta ce fuf, ta zagaye murhun, gajeriya, shuɗiya, tana rawa amma ba ta ɗauke ba.

Bai jira yamma ba, ya kira. Auta ce ta ɗauka.

"Baba, lafiya da sassafe?"

"Ba ni uwarki."

Ta karɓa. Ya kai wayar kusa da murhun ya riƙe. Can ya mayar da ita kunnensa.

"Ƙarama ce," in ji ta. "Ina jin ta. Kada ka ɗora mata babbar tukunya tukuna." Sai ya ji ta ɗaga murya kaɗan. "Auta, ina kika sa jakata?"

Ya ɗora ƙaramar buta. Kafin ruwan ya tafasa ya fita bakin ƙofa, ya juya takalmin ya jera shi da ɗan'uwansa. Ya dawo ya sauko da kofi ɗaya, ya tsaya, ya sauko da na biyu. Ya leƙa layi ko zai hango Direba. Babu kowa sai wata akuya a gindin bango. Ya zuba nasa, ya rufe ɗayan da faranti, ya zauna yana sha a hankali, yana kallon wutar.