Tsakanin Giya ta Ɗaya da ta Biyu

Duk mai neman labarin da ke ƙarewa da daɗi, ya ajiye wannan tun yanzu. Motar da zan yi magana a kanta tana nan ƙofar gidana a Ruwan Godiya, an lulluɓe ta da tamfol, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Mai ita ne ba ya nan.

Lawwali ɗana ne na fari, saboda haka bakina bai saba da sunansa ba. Direba nake ce mashi tun yana ƙera motar kara yana ja a tsakar gida. Da ya girma sunan ya bi shi, ya zama yana lodin fasinja daga Sheme zuwa Kankara, ta gaban garinmu. Motarsa Golf ce ja, tsohuwa, amma Sanusi makanike na Kankara ya ɗora mata babban inji mai fulogi shida. Idan ta yi gurnani a tasha, har masu rake sai sun waiga.

Kowa ya san halin da hanyarmu take ciki. Bara mutanen daji suka tare abokinsa Nasir. Waɗanda suka tsira sun ce akwai hanyar wucewa a gabansa, amma tsoro ya sa ya cire ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu. Ranar da aka kawo labarin Direba bai ci tuwo ba. Washegari ya same ni ina gyaran galma.

"Baba, gudu ba shi ne ba," ya ce. "Kowace mota na gudu in ta samu hanya. Tashi shi ne magana. Daga tsaye zuwa gudu, nan ake mutuwa, nan ake rayuwa."

Na ce, "Ka bar hanyar mana. Ga gona nan."

"Gonar da ke bakin daji?"

Sai na ci gaba da dukan galma.

Daga nan ya fara. Akwai wani miƙaƙƙen wuri a kan kwalta bayan gari, daga tsamiya zuwa kwalbati. Kullum bayan la'asar, in ya sauke fasinjan ƙarshe, sai ya kai motar gindin tsamiya ya tsaya cak, ya tashe ta da ƙarfi, ya juyo, ya sake. Farkon abin ba kyan gani. Wani lokaci tayoyin gaba su yi ta kartar kwalta suna hayaƙi, motar na nan inda take. Wani lokaci ta shaƙe kamar akuyar da ta haɗiyi leda. Ƙaurin kuloci har cikin gida. Uwarsa Fatsuma takan toshe hanci ta ce, "Wanga yaro dai sai ya ƙone abin cin abincinsa."

Wata rana na je in hana shi, sai ya buɗe mani ƙofar gaba.

"Shigo ka gani da idonka, Baba, sannan ka yi faɗan."

Na shiga. Ni kuwa ban taɓa zama cikin mota ban karanta addu'ar hawa ba, kuma a fili nake yin ta, ba gaggawa, yadda malaminmu ya koya mana. Na fara ke nan ya saki motar. Bayana ya manne da kujera, hulata ta koma baya. Na dai riƙe addu'ata har na shafa, sannan muka wuce kwalbati.

Ya taka birki yana dariya. "Alhamdu lillahi, na samu agogo."

"Wane agogo?"

"Kai mana, Baba. Yau ka shafa kafin kwalbati. Ranar da muka wuce kwalbati ba ka shafa ba, ranar na iya mota."

"Ɗan banza, ni ne agogon?"

"Ai ka fi na waya, kai ba ka cin caji."

Haka na zama agogo. Ni da na je hana abu, sai ga ni kullum a kujerar gaba ina addu'a. A nan na koyi abin da ban taɓa zaton zan sani ba. Ya nuna mani cewa ba a cika wa inji wuta tun mota na tsaye, sai a riƙe totur daidai inda kukan injin ya zauna bai hau ba bai sauka ba. Kuloci kuma ba a sakinsa kamar an taka garwashi. Ana ɗago ƙafa har inda motar za ta ɗan ɗaga hanci tana neman tafiya, ya ce nan ne take cizo. A nan ake ɗan jinkirta ƙafa kamar ƙiftawar ido, taya ta kama ƙasa, sannan a saki duka a danne totur har ƙasa. Ya rage iskar tayoyin gaba kaɗan don su riƙe kwalta. Ya fitar da tarkacen ƙarafan da ke but, bayan motar. Ya daina kashe inji in an tsaya a hanya, ya daina sauka gefen yashi, kuma ba ya matse wa motar da ke gabansa, kullum yana barin inda zai fita.

Amma abin da ya fi nanatawa shi ne giya ta biyu.

"Ta ɗaya tashinka kawai take yi, Baba. Babur ma sai shi kamo ka a cikinta. Ta biyu ita ke raba ka da su. Hannu na kan sandar giya tun kafin a tashi, inji na fara kuka sai ka fizgo ta baya, sau ɗaya."

Wata rana gwiwata ta karkata wajen sandar, ya fizgo ta buge ni. Bai ko dube ni ba ya ture ƙafar da bayan hannu. "Janye, Baba!" Da muka tsaya ya ba ni haƙuri, ni kuma na ce ai gwiwar ce ba ta da hankali.

Daga ranar ya kafa doka. Direbobinmu mutum biyu suke sa wa a kujerar gaba, na cikin yana zaune rabin jikinsa a kan birkin hannu, cinyarsa jingine da sandar giya. Direba ya ce shi ya daina, mutum ɗaya ne a gaba. 'Yan kamasho suka yi ta yi mashi tsiya a tasha, suna kiransa mai jirgin sama. Bai kula ba.

Ana cikin damina, dawa ta fi mutum tsawo, muka wuce kwalbati ina tsakiyar addu'a. Ya buga sitiyari ya yi ihu kamar yaro. Ni ma na ji daɗi, ban dai nuna ba. Na ce, "To, sai ka bar ni in ƙarasa addu'ata ko?"

A makon ne matarsa Shafa'atu ta haihu, namiji. Mahaifinta Alhaji Gide ya taso tun daga Sabuwa don barka. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, ba ya fita sai da babbar riga. Ana jibi suna ya ce shi zai sayi ragon da kansa, kuma a kasuwar Kankara, don an ce mashi sun fi kyau a can.

Da hantsi na raka shi bakin hanya. Direba ya iso daga Sheme da lodinsa. Baya mata ne huɗu da kayansu. A gaba akwai wani mutum da ƙafarsa ke ɗaure da karare, za a kai shi asibiti, dole ya zauna ta bakin ƙofa. Direba ya fito da sauri ya durƙusa har ƙasa, idonsa na kan takalman surukinsa.

Alhaji ya leƙa motar ya yi dariya. "Ni dai ba ni shiga cikin mata. Malam, ɗan gyara mani, in matsa nan ciki. Kankara ai ba Makka ba ce."

Na ga Direba ya dubi sandar giya, ya dubi ƙasa. Wa zai ce wa surukinsa ya jira wata mota? Wa zai ce mashi cinyarsa ta yi yawa? Mutumin da ko abinci ba ka ci a gabansa. Ya buɗe ƙofa, aka ɗaga mai karaya, Alhaji ya shige ya tattara rigarsa ya zauna.

"Allah shi tsare," na ce.

"Amin, Baba." Ya ja motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sauran labarin daga bakin Alhaji Gide na ji shi, da la'asar, a zauren gidana, rigarsa duk jar ƙasa.

Ya ce sun wuce rabin hanya, wurin da kwalta ta farfashe, suka tarar da wata babbar mota ta tsaya. Direba ya tsaya nesa da ita, bai kashe inji ba. Sai dawa ta fara motsi ta hannun dama, mutane suka fito da bindigogi, wasu a kan babura. Matan baya suka sa salati.

"Wallahi, Malam, yaron nan bai firgita ba," in ji Alhaji. "Na ji injin ya ɗauki wani kuka ya tsaya a kansa. Sai na ji bayana ya manne da kujera. Ban taɓa ganin mota ta tashi haka ba. Kafin su juyo da baburan mun wuce babbar motar, hanya ta buɗe fetal."

Na ce, "Sai me?"

"Sai ya jawo sandar. Ta shige cikin rigata ta tokare a cinyata." Ya nuna wurin da hannu. "Hannunsa ya taɓa ni. Malam, sai ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Ya ce, 'Gafara, Baba.' Ni kuwa ban gane mi yake nufi ba. Na ɗauka tsoro ne ya sa yake neman gafara, na ce mashi, 'Ba komai, ɗana, Allah na nan.' Ya sake cewa, 'Baba, a ɗan gafarta.' Injin na ta ihu, motar ta ƙi ƙara gudu. Kafin in gane ƙafata yake so in janye, sun iso. Suka harbi taya."

Sun tafi da Direba da matan nan huɗu. Alhaji da mai karaya suka bari a bakin hanya, don ba za su iya tafiyar daji ba.

Alhaji ya kama hannuna yana kuka, babban mutum da furfura. "Mi ya hana shi ture ni? Da ya ture ni, da ya zage ni ma, wallahi da na yafe."

Na san abin da ya hana shi. Mu muka yi mashi tarbiyya, kuma da ya ture surukinsa a wata rana ta daban, ni ne zan fara cewa ya zubar mana da mutunci.

An yi suna ba ragon Kankara, ɗan tunkiyar Fatsuma aka yanka. Yaron ya ci sunan Mas'ud, yadda ubansa ya so. Shafa'atu ba ta yi wa mahaifinta maganar ba ko sau ɗaya, shi kuma bai sake zuwa Ruwan Godiya ba, sai dai aike. Sanusi makanike ya jawo motar ya canza taya. Ya ce da ya shiga ya same ta a giya ta ɗaya, kulocin lafiya lau. An zo saye, na ce ba tawa ba ce.

Bayan girbi aka sako biyu daga cikin matan. Na je har Faskari wurin ɗayarsu. Ta ce a kwanakin farko ta gan shi, shi ne ma yake goya yaron wata mata da aka kama in an yi tafiya mai nisa. Daga baya aka raba su, aka yi yamma da maza. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Wani lokaci bayan la'asar nakan taka zuwa tsamiya, in kama addu'ar hawa in nufi kwalbati da ƙafa. Nakan shafa in sake, in shafa in sake, ban isa ba. Wayata kullum tana da caji, ko gona zan je tana aljihu. Babu wanda ya kira. Har yau ban sani ba ko Lawwali yana da rai.