Ƙarar Yatsan Baba

Su huɗu ne a gidan: Baba, Mama, Yaya da Auta. Baba makaɗin jita ne, ya daɗe yana yi wa wata ƙungiya kiɗa kafin ciwo ya taɓa masa hannun hagu. Ya warke, sai dai ƙaramin yatsansa ya ɗan sandare. Jitar tana nan rataye a bayan ƙofa, irin mai aiki da lantarki ce, ba ta da murya sai an haɗa ta da amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Amfilifayar kuwa ta ƙone tun yana kwance, mai gyara ya ce babu kayanta. Ita suka rasa, kuma tun daga lokacin Baba bai sake taɓa jitar ba.

Yaya ne ya zo da dabara. Ya ce akwai manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya a cikin kwamfuta. Ya aro wani ɗan akwati da ake soka wayar jita a jikinsa, shi kuma a haɗa shi da kwamfutar. Ranar hutu da hantsi ya share teburin falo ya jera kayan, ya jona lasifika. Hoton amfilifaya ya fito a allo, da maɓallansa reras.

Baba ya leƙa ta saman tabarau. "Wannan ai hoto ne. Hoto ne zai yi mini kiɗa?"

"Gwada dai, Baba," in ji Yaya.

"Ka gwada mana," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Mun gaji da share mata ƙura."

Ya karɓi jitar kamar an miƙa masa kayan aro. Auta ta zauna a ƙasa kusa da gwiwarsa. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin bai fito nan take ba, sai da ya ɗan jinkirta kamar mai amsa kira daga wani ɗaki.

Baba ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin. "Wa ke ciki?"

"Ba kowa, Baba."

"To me ya sa sai na kaɗa yake biyo ni? Jira yake ya ga abin da zan yi."

Yaya ya yi bayani a hankali. Kwamfuta tana tara sautin ne kafin ta sake shi, idan abin da take tarawa ya yi yawa sai ta makara. Ya buɗe wani shafi ya rage wata lamba. Da Baba ya sake kaɗawa, sautin ya zo tare da hannunsa.

Ya ɗauko wani tsohon kiɗansa. Ya fito tas, mai daɗi, babu ko ƙwarzane. Mama ta fara tafi. Baba kuwa fuskarsa sai ƙara ɗaurewa take yi. Bai kai ƙarshe ba ya tsaya.

"Kun naɗo kiɗan wani kun zuba a ciki, ko?"

"Haba, Baba!"

"Kar ka haba ni. Hannun nan nawa ne, na san abin da ya rage a cikinsa. Kun haɗa baki da uwarku don ku faranta wa tsoho rai."

"Ni kuma?" Mama ta dafe ƙirji. "Ni da ko kunna abin ban iya ba?"

Ya fara zare ɗamarar jitar daga kafaɗarsa. Auta ta san idan jitar ta koma bayan ƙofa yau, ba za ta sake saukowa ba.

"Baba," ta ce, "akwai wata 'yar ƙara da yatsanka yake yi idan ka ɗaga shi. Ni ina jin ta a nan, a jikin jitar, amma ba ta fitowa a lasifika."

Yaya ya harare ta, ya ɗan girgiza kai. Baba ya ga hararar.

"Ahaf. Kai, me ka ɓoye?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya nuna wani ƙaramin maɓalli a gefen allon, wanda ke datse duk wata ƙara mara ƙarfi da ta faɗo tsakanin sauti da sauti. Ashe ya murɗa shi sosai tun kafin a fara.

"Na ga kamar ba za ka so ka ji ba," ya ce.

"Kashe shi."

Ya kashe. Lasifika ta soma ɗan huci. Baba ya mayar da ɗamarar, ya koma farkon kiɗan. Da ya zo inda ƙaramin yatsan ke jan ƙafa a kan tsirkiya, sai ga ƙarar ta fito fili, ƙiii, kowa ya ji. Mama ta yamutsa fuska. Baba ya maimaita wurin, ƙarar ta sake fitowa daidai inda ya sa ran jin ta.

"Yauwa," ya ce. "Ga ni nan."

Bai ce ya yarda da kwamfutar ba. Ya dai ce kada kowa ya sake taɓa wannan maɓallin, ya kuma sa Yaya ya juyo da allon inda zai riƙa ganinsa. Daga nan ya ci gaba da kaɗawa, yana komawa wurin nan mai wuya yana lallaɓa yatsan.

Auta ta gane cewa Baba ba zai yarda kiɗa nasa ne ba sai ya ji kuskurensa a ciki.