Abin da Aka Yanke

"Ba zan bayar ba," in ji shi, muryar tana fita da ƙyar. "Ku kwashi kwalayen, ku ɗauki kwamfutar. Wannan kam a'a."

Mai Keke ta ɗage ƙafa daga kan keken ɗinkinta. Shekara shida rabon da ta ce wa maƙwabcin nan nata ko sannu, amma bangon gidan haya bai san gaba ba, duk abin da aka faɗa a ɗakinsa sai ya iso nata.

"Malam, ranar Litinin majalisa za ta zauna," in ji shugabar ofishinsu, wadda ta zo kwashe kayan aiki tunda ciwo ya kwantar da shi. "Shekara goma kana rediyo kana jarida, a hana sayar da maganin tarin nan ba takardar likita. Muryar da aka jirkita ba ta taɓa zuciyar kowa. Ka ba mu muryar uwar nan ta gaske, minti ɗaya kacal."

"Na yi mata alkawari."

Uwar nan, Mai Keke ce.

Ɗan Jarida ake ce masa a layin. Aikinsa ke nan, ya nemo iyayen da shaye-shaye ya cinye wa 'ya'ya, ya ɗauki maganarsu, ya kai gidajen rediyo ko masu yin doka sa ji. Ita ma ya lallaɓe ta, lokacin ɗanta na nan da ransa, ya rantse ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba. Muryar kam ya jirkita ta, ta koma kamar ta ƙato. Sai dai ya bar wurin da ta ce ɗan ya kwance kan kekenta ya sayar. To, wa ye a layin bai san kan keken da aka kwance ba? Kafin yamma labari ya gama shaguna. Ɗan ya ji a bakin abokai, ya shigo ya dube ta, ya ɗauki rigunansa biyu ya fita. Bayan wata uku gawarsa aka kawo mata.

Tun daga ranar ta ɗauke wa Ɗan Jarida wuta. In ya yi sallama, ta ƙara taka keke.

Da motar ofis ta tashi, ta daɗe zaune da allura a hannu. Sannan ta ja tsaki, ta zari mayafi.

Ɗakin ya yi fayau. Inda kwalaye suka tashi sai shatarsu a leda. Ga kofi da busasshen shayi, ga magunguna a kan kujera, ga shi a katifa ya zama kamar ba shi ba. Ba mata, ba ɗa. Aikin nan shi ya aura, kuma ga shi an zo an tafi da shi a bayan mota.

"Yaya, ke ce?"

"A'a, aljana ce. Ka ci abinci?"

"Ba ya wucewa."

Ta wanke kofin, ta zuba ruwa, ta tallafo kansa. Haushinsa na nan a ranta ko ɗigo bai ragu ba, ga kuma tausayi ya zo ya kama ta.

"Na ji ku," ta ce. "Me ya hana ka ba ta? Ai ka saba."

Ya rufe ido. "Na cancanci wannan."

Ya laluba ƙarƙashin matashi, ya zaro 'yar rikoda, duk fentinta ya goge saboda riƙo.

"Asalin hirar na ciki, babu ita a ko'ina sai nan. In kin so ki jefa a wuta. Amma ki saurara tukuna. Akwai abin da na yanke, na so in ba ki tuntuni, ban samu fuska ba."

"Ni ba na son jin kaina ina tona wa ɗana asiri."

"Ki dai saurara, Yaya. Ki yafe mini."

Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi. Yafiyar ba ta fito ba. Ta gyara masa bargo kawai, ta ce gobe za ta kawo masa abu mai ruwa-ruwa.

Ta kawo, da hantsi. Ta yi sallama sau uku.

Waɗanda suka raka shi maƙabarta ba su cika mota biyu ba, mutumin da aka ce muryarsa ta shiga gida dubu. Shugabar ofis ta zo gaisuwa, ta yi kukanta na gaskiya, sannan ta ɗan matso.

"Mama, ko kin ga wata 'yar rikoda?"

"Na gani. Tawa ce."

Matar ta dube ta, ta gane, ta sunkuyar da kai.

Sai ranar Litinin da rana, gidan ya watse kowa ya tafi nema, ta zauna a bakin gado ta danna. Muryarta ce, tata ta gaske, tana rawa. Ta kai hannu za ta kashe, sai ta ji ƙarar ƙofa a cikin rikodar, da jan takalmi.

"Mama, ina kika ajiye mini sabulu?"

"Yana kan taga," in ji muryarta.

"Au, baƙo kika yi? Sannu, Kawu. Mama, ki rage mini abinci, yanzu zan dawo."

Ƙofa ta rufe. Ɗan Jarida ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Ba komai, zan cire nan wurin. Ci gaba."

Ba ta da hoton ɗanta mai motsi, ba ta da muryarsa ko a waya. Ta ɗauka ta manta yadda yake jan "Mama" ɗin nan, ashe yana nan a bayan bango shekara shida.

Ta juya ta dubi bangon. "Na yafe," ta ce. Can ɗakin ba kowa, mai gidan haya ma har ya sa kwaɗo.

Ta lalubi maɓallin mayarwa baya, ta kara rikodar a kunne. Rana ta sauko daga taga ta kwanta a kan keken, rigar wata na maƙale a ƙarƙashin allura, rabin hannu ba a ɗinke ba.